Taɓawa uku da juyi shida: fashin baƙi kan dokokin ƙwallon raga

Ƙwallon raga wasa ne da aka hana kowa riƙe ƙwallo a cikinsa. Ɗan ƙwallon ƙafa yana iya taka ta ya tsaya ya duba abokan wasansa, ɗan ƙwallon kwando ya rungume ta, amma a nan da ta taɓa jikinka dole ta tashi, kuma ƙungiyarku ba ta da fiye da taɓawa uku kafin ta mayar da ita ƙetaren raga. Doka ta biyu ita ce juyi, wadda ke tilasta wa 'yan wasa su zaga gurbi shida na fili ɗaya bayan ɗaya. Daga waɗannan biyun yawancin sauran dokokin suka tsiro, kuma a kansu ne gardama ta fi tashi a filayen makarantu da na unguwa.

William G. Morgan ne ya ƙirƙiro wasan a 1895 a garin Holyoke na jihar Massachusetts a Amurka, ya raɗa masa suna Mintonette. Hukumar da ke kula da shi a duniya, FIVB, an kafa ta a Paris a 1947, kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 1964. Dokokin wannan hukuma ne za a bi a nan, na wasan mutum shida-shida.

Fili, raga da ƙwallo

Tsawon fili mita 18 ne, faɗinsa mita 9. Layin tsakiya, wanda ke ƙarƙashin raga, ya raba shi gida biyu, kowanne mita 9 ta kowane gefe. A kowane gida akwai wani layi mita 3 daga tsakiya, shi ne layin hari, wanda ya raba sashen gaba da na baya. Faɗin kowane layi santimita 5 ne, kuma layukan gefe da na ƙarshe cikin awon fili suke. Saboda haka ƙwallon da ta ɗan shafi layi, ko da gefenta ne, ta faɗi ciki. A kewayen filin ana barin sarari aƙalla mita 3 ba kujera, ba dutse, ba 'yan kallo, domin an halatta bin ƙwallo har can a dawo da ita.

Masu shata fili a ƙasa da toka ko farar ƙasa sukan dogara da ido, sai fili ya fito a karkace. Ido ya san kima, amma a nan igiyar awo ta fi shi. A auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta a karkace: idan filin daidai yake za a sami mita 20.12 ta duka ɓangarorin biyu. Idan awon biyun ya bambanta, akwai kusurwar da ta goce.

Tsayin raga mita 2.43 ne ga maza, 2.24 ga mata, kuma a tsakiyar fili ake aunawa. Gefunan biyu dole su zo daidai da juna, kada su ɗara tsakiya da fiye da santimita 2. Ragar da ta saki ta yi ciki a tsakiya tana ɓata wasa ta hanya biyu: masu dukan ƙwallo zuwa gidan abokan hamayya suna samun sauƙin da bai kamata ba, sannan ƙwallon da ta faɗa raga ba ta dawowa yadda za a iya ceto ta. A kowane gefen raga, daidai saman layin gefe, ana ɗaure eriya, wata siririyar sanda mai tsawon mita 1.80 da ta ɗara raga da santimita 80. Tsakanin eriyoyin nan biyu ne ƙofar da ƙwallo za ta bi. Ta taɓa eriya, waje ce. Inda babu eriya, rabin gardamar gefen raga ba ta da mai raba ta, don haka ko siririn gora ne gara a ɗaura.

Ƙwallon kanta kewayenta santimita 65 zuwa 67 ne, nauyinta giram 260 zuwa 280. Iskarta ba ta kai ta ƙwallon ƙafa ba ko kusa. Wanda ya cika ta tam da famfo zai sa sababbin 'yan wasa su riƙa janye hannu saboda zafi, kuma daga nan mugun salon ɗauka, wato karɓar ƙwallon da ta ƙetaro raga, ke somawa.

Lissafin maki

Kowace musaya, wato buge-bugen da ake yi tun daga bugun farawa da ake kira sabis har alƙali ya tsayar da wasa, tana ƙarewa da maki ga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin, ko ita ta yi sabis ko ba ita ba. Idan mai sabis ta ci, ta ƙara maki ta ci gaba da sabis. Idan mai karɓa ta ci, ta sami maki, ta karɓe sabis, sannan ta yi juyi. Turmi, wato abin da 'yan wasa ke kira set, yana ƙarewa a maki 25 da ratar maki biyu. Idan aka yi 24 da 24 sai a ci gaba har wani ya ba da ratar biyu, 26 da 24, 31 da 29, babu iyaka. Wanda ya fara cin turmi uku ya ci wasa. Idan aka yi biyu da biyu, turmi na biyar a maki 15 yake tsayawa, shi ma da ratar biyu, kuma ana sauya gida da zarar wata ƙungiya ta kai maki 8.

Waɗanda suka yi wasan kafin ƙarshen shekarun 1990 sun san wani lissafi daban: turmi a 15 yake ƙarewa, kuma mai sabis kaɗai ke samun maki. An bar wannan tsari ne saboda wasa kan ja ba a san lokacin tashinsa ba. Sauyin ya ƙara wa kuskure tsada, domin sabis ɗin da ya faɗa raga yanzu maki ne aka miƙa wa abokin hamayya kyauta.

Sabis

Mai sabis yana tsayawa bayan layin ƙarshe, ko'ina a faɗin mita 9 ɗin nan. Bayan alƙali ya busa usur yana da daƙiƙa 8. Sau ɗaya zai jefa ƙwallo sama ko ya sake ta, ya buge ta da hannu ɗaya. Idan jifar ba ta yi masa daɗi ba ya cafe don ya sake, ya yi laifi. Buga ta a ƙasa ko juya ta a hannu kafin jifa ba komai. A lokacin bugu, ko lokacin da ya daka tsalle, ƙafarsa ba za ta taɓa layin ƙarshe ko cikin fili ba, amma bayan bugu yana iya dira a ciki. Sabis kafin usur ba a hukunta shi, sakewa ake yi.

Ƙwallon sabis da ta shafi saman raga ta faɗa gidan abokan hamayya lafiyayya ce, wasa ya ci gaba. Da can laifi ne, shi ya sa har yau ake samun masu tsayawa cak suna jiran usur ƙwallo na faɗuwa a gabansu. Masu karɓa kuma ba su da izinin tare sabis a bakin raga, ko su dake shi kai tsaye alhali ƙwallon tana sashen gaba kuma gaba ɗayanta tana sama da raga. Abokan mai sabis su ma ba za su yi cincirindo ko su riƙa kaɗa hannu don su ɓoye shi da hanyar ƙwallon ba.

Juyi, inda aka fi ruɗewa

Gurbin 'yan wasa lamba gare su. Idan kana fuskantar raga, na baya ta dama shi ne 1, kuma shi ne mai sabis. Na gaba ta dama 2, na gaba tsakiya 3, na gaba ta hagu 4, na baya ta hagu 5, na baya tsakiya 6. Duk lokacin da ƙungiya ta karɓe sabis, kowa zai matsa gurbi ɗaya yadda hannun agogo ke tafiya: na 2 ya koma 1 ya yi sabis, na 1 ya koma 6, na 6 ya koma 5, haka har a zagayo. Lambobin suna hawa ta wata fuska, mutanen suna tafiya ta ɗaya fuskar, kuma wannan kaɗai ya isa ya rikita sabon shiga.

Kafin kowane turmi koci yana miƙa takardar jeri, wadda ke nuna wanda zai fara a kowane gurbi. Tun ran gini ran zane: jerin nan ba ya sauyawa har turmin ya ƙare. Idan wanda ba layinsa ba ne ya yi sabis, abokan hamayya sun sami maki da sabis, a gyara jerin, kuma duk makin da masu laifin suka tara tun daga lokacin kuskuren a soke shi. Na abokan hamayya yana nan daram.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, tsayuwa a gurbi ta ɗan lokaci ce ƙwarai. Ana duba ta ne kawai a daidai lokacin da hannun mai sabis ya bugi ƙwallo. Daga nan kowa ya tafi inda ya ga dama a gidansu. Kuma ba wani murabba'i aka shata wa kowa ba, da maƙwabtansa ake gwada shi, ta wurin da ƙafafu suke a ƙasa. Na baya kada ya wuce na gabansa zuwa raga: 1 da 2, 6 da 3, 5 da 4. A kowane sahu kuma na tsakiya kada ya wuce na damansa ta dama ko na hagunsa ta hagu. Ɗauki na gurbi 6: ya kasance bayan na 3, kuma tsakanin na 5 da na 1. Shi ke nan abin da ke kansa. Ba ruwansa da inda na 2 ko na 4 suka tsaya, ko da ya fi su kusa da raga. A littafin dokokin da ya fara aiki a 2025 an ma sauke wa ƙungiya mai sabis wannan nauyi, masu karɓa kaɗai ake dubawa, amma layin wanda zai yi sabis yana nan yadda yake.

Wannan sassauci ne ya ba ƙungiyoyi damar ware wa kowa aikinsa. A tsarin da aka fi amfani da shi, mai ɗagawa ɗaya ne, wato seta, da masu duka biyar. Idan juyi ya kai seta gurbi 1, sai ya laɓe a bayan na gurbi 2, da an buga sabis ya ruga bakin raga ya jira ƙwallo. Laifin da aka fi kamawa a nan shi ne gaggawa: seta ya tashi tun ƙwallo na sama ba a buge ta ba, ya wuce na gabansa. Alƙali na biyu aikinsa ke nan a wannan lokacin, kuma maki ne ke tafiya ba a ko taɓa ƙwallo ba. Maganinsa seta ya zuba ido kan hannun mai sabis, kuma kowane ɗan wasa ya haddace mutum biyu, wanda ke gabansa a jeri da wanda ke bayansa.

Taɓawa uku

Yadda aka saba, ta farko ɗauka ce, ta biyu ɗagawa, ta uku duka. Doka ba ta ce dole a cika ukun ba, ta huɗu ce laifi. Mutum ɗaya ba ya taɓawa sau biyu a jere. Idan abokan wasa biyu suka kai hannu suka taɓa tare, an ƙirga biyu, saura ɗaya. Ƙwallo na iya taɓa ko'ina a jiki, kai, ƙirji, gwiwa, har ƙafa. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka halatta ceto da ƙafa, don haka mai cewa “ai da ƙafa ya taɓa” ba shi da hujja.

Abin da aka hana shi ne kamawa da jifa. Ƙwallo ta yi tsalle daga jiki, kada ta kwanta a kansa. Mai ɗagawa da yatsu idan ya bari ta sauka cikin tafinsa har ta kai ƙirji sannan ya tura, ya kama. Mai duka idan ya tallabe ta da tafi ya ja ta ya sauya mata hanya, ya yi jifa. Ɗagawa mai tsabta da ƙarshen yatsu ake yi, a saman goshi, hannu biyu su taɓa lokaci guda. Idan ɗaya ya riga ɗaya, taɓawa biyu ke nan. Dalilinsa kusan kullum ƙafa ce: mutum bai isa ƙarƙashin ƙwallo da wuri ba, sai ya miƙa hannu a karkace. Jujjuyawar ƙwallo a iska bayan ɗagawa ba laifi ba ce a kanta, taɓawar ake hukuntawa, ko da yake 'yan kallo sukan yi ca da zarar sun ga tana juyi.

Taɓawar farko an yi mata rangwame. Idan duka mai ƙarfi ya bugi hannunka ya haura ya taɓa ƙirji ko fuska, ba laifi, muddin a yunƙuri guda abin ya faru. Rangwamen bai shafi kamawa ba. Ita ɗaukar, da sangalin hannu biyu a haɗe ake yinta, gwiwar hannu a miƙe, a karkata su zuwa inda seta yake. Wanda ya riƙa wurga hannu sama, ko ya bari ta bugi wuyan hannu da dunƙulen yatsu, ƙwallonsa za ta tsallake raga ta koma wa abokan hamayya a sama, su kuwa abin da suke jira ke nan.

An kuma hana dogara da abokin wasa ko turken raga don a kai ga ƙwallo. Amma idan abokinka zai faɗa raga ka riƙo rigarsa ka janyo shi, doka ta yarda.

A bakin raga

Tarewa, ko katanga, ita ce 'yan gaba su yi tsalle su ɗaga hannu sama da raga don su datse duka. Ba a ƙirga ta cikin taɓawa uku. Ƙwallon da ta bugi katanga ta faɗo gidanku, kuna da uku cif, kuma wanda ya tare ɗin yana iya zama mai taɓawar farko. Mai tarewa yana iya zura hannu ƙetaren raga, amma ba zai taɓa ƙwallo ba kafin abokin hamayya ya yi bugunsa na hari. Wato ba za ka miƙa hannu ka ƙwace ƙwallon da setansu ke shirin ɗaga wa mai duka ba. Shi kuma mai duka dole ya bugi ƙwallo a sararin gidansu, sai dai hannunsa na iya bin ta ya ƙetare bayan bugu.

Idan mutum biyu daga ɓangarori biyu suka danne ƙwallo tare a saman raga, wasa bai tsaya ba. Gidan da ta faɗa suna da taɓawa uku. Idan kuwa ta fita waje ta gefen wani gida, laifin na ɗaya gidan ne, domin ana ɗauka su suka tura ta.

Taɓa raga tsakanin eriya biyu yayin wasa da ƙwallo laifi ne, tun daga tashin tsalle har dira. An taɓa sassauta dokar na wasu shekaru, ya zama farin ƙyallen sama kaɗai ake hukuntawa, daga baya aka dawo da ita, kuma ragowar wancan zamanin na cikin abin da ke kawo musu. Idan ƙwallo ce ta tura raga ta taɓa ka, ba ka yi laifi ba. Layin tsakiya kuma ana iya taka shi, ƙafa ma tana iya leƙawa gidan abokan hamayya muddin wani sashenta yana kan layin ko daidai samansa. Ta ƙetare gaba ɗaya, laifi ne. Alƙalin da ke sakaci da wannan doka yana jawo rauni, domin targaɗen idon sawu ya fi faruwa ne idan mai tsalle ya dira a kan ƙafar wani a ƙarƙashin raga.

'Yan baya da libero

Ɗan baya ba ya tarewa. Duka kuwa yana iya yi, da sharaɗin ya tashi tsallensa daga bayan layin mita 3 ba tare da ya taka shi ba. Dira a gaba ba komai. Idan yana cikin sashen gaba, zai iya tura ƙwallo ƙetare ne kawai in wani sashenta yana ƙasa da saman raga. Wanda wannan ta fi kamawa shi ne seta da juyi ya kai baya: yana tsaye a bakin raga, ɗauka ta zo da tsayi tana neman ƙetarewa, ya manta ya yi tsalle ya tura ta da kansa. Usur zai tashi, domin a takarda ɗan baya ne.

Libero, mai riga daban da ta sauran, an shigo da shi a 1998 don a ƙarfafa tsaron baya. Yana maye gurbin kowane ɗan baya ba tare da an ƙirga shi cikin canji ba, sai dai a sami musaya guda da aka kammala tsakanin fitarsa da sake shigarsa, kuma wanda ya karɓa shi zai dawo ya karɓe shi. A dokar FIVB ba ya sabis, ba ya tarewa ko yunƙurinta, ba ya dukan ƙwallon da ke sama da raga gaba ɗaya daga ko'ina a fili. Akwai kuma wata ƙaramar doka da ake yawan mantawa: idan ya ɗaga ƙwallo da yatsu yana cikin sashen gaba, abokinsa ba zai dake ta tana sama da raga ba. Shi ya sa za ka ga gogaggen libero ya daka tsalle daga bayan layin hari kafin ya ɗaga, ko ya yi ɗagawar da sangalin hannu.

Canji, hutu da alƙalai

Kowace ƙungiya tana da canji 6 a turmi. Wanda ya fara wasa yana iya fita ya dawo sau ɗaya, kuma gurbinsa na jeri zai koma, ya karɓi wanda ya karɓe shi. Fita da dawowar mutum ɗaya sun cinye canji biyu ke nan. Hutun neman shawara biyu ne a turmi, kowanne daƙiƙa 30, tsakanin turmi da turmi kuma minti 3.

Alƙali na farko yana tsaye a kan dandamali a gefen raga, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Na biyu yana ƙasa a ɗaya gefen, yana lura da raga, layin tsakiya, canji da tsayuwar masu karɓa. Akwai marubucin maki da masu tuta biyu ko huɗu a kusurwoyi. Da hannu alƙali ke bayani: yatsu biyu taɓawa biyu, yatsu huɗu taɓawa huɗu, ɗaga tafi sama a hankali kamawa, zana da'ira da manuniya laifin juyi ko tsayuwa, yatsu takwas jinkirin sabis. Kyaftin ɗin da ke cikin fili kaɗai ke da izinin neman bayani. Sauran idan suka yi wa alƙali caa, gargaɗin baki ne farko ta hannun kyaftin, sai katin rawaya, wanda shi ma gargaɗi ne ba ya cin maki. Jan kati a nan ba kora ba ne kamar a ƙwallon ƙafa, maki ne da sabis ga abokan hamayya. Idan alƙali ya haɗa ja da rawaya a hannu ɗaya, ɗan wasan ya fita har ƙarshen turmin. Idan ya raba su hannu biyu, ya gama wasa a ranar, kuma dole ƙungiyarsa ta sa wani a gurbinsa ta hanyar canji, domin ba a ci gaba da mutum biyar.